Yadda Ake Aikin Sa Kai a Ƙungiyar Tallafa wa Masu Ƙari a Ƙwaƙwalwa a Katsina

Gidan da aka ce wani nasu yana da ƙari a ƙwaƙwalwa ba ya rasa 'yan dubiya a makon farko. Dangi su zo da kwanon abinci, maƙwabta su leƙo, abokan aiki su haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa. Sai an shiga wata na biyu da na uku ƙafa take ɗaukewa, daidai lokacin da sintiri tsakanin Katsina da Kano ko Zariya ya kankama, aljihu ya bushe, mai jinya kuma ta fara ramewa kamar ita ce marar lafiyar. A nan ake bukatar mai aikin sa kai. Ba sai likita ba, ba kuma sai mai kuɗi ba. Mutumin da ake nema shi ne wanda in ya ce zai zo ranar Laraba, to Laraba za a gan shi, ko da an shafe wata shida ana jinyar.

Ka fara sanin ciwon kafin ka taka gidan kowa

Ƙari a ƙwaƙwalwa ba ciwo ɗaya ba ne. Rabe-raben da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya ƙunshi iri sama da 100, kuma ana ba su mataki daga 1 zuwa 4 gwargwadon saurin girmansu da tsananinsu. Wani ƙarin ba sankara ba ne sam. Meninjiyoma, wanda ke tsirowa a jikin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, shi ya fi yawa a manya, ya fi samun mata, kuma akasari a hankali yake girma. Da yawa an cire musu shi sun koma harkokinsu. Akwai mai fitowa a ɗan ƙullutun da ke ƙasan ƙwaƙwalwa mai sarrafa sinadaran jiki, sai gani ya riƙa raguwa ta gefe, ko al'adar mace ta rikice, ko ruwan nono ya riƙa zuba alhali ba ta shayarwa. Akwai kuma giliyobilastoma, mai mataki na 4, mai saurin gaske, wanda ko an yi aiki yakan dawo. Wani lokacin ma ba daga kai abin ya faro ba, sankarar mama ce ko ta huhu ta yaɗu zuwa can. Ko wanda ba sankara ba yana iya wahalar da mutum, domin ƙoƙon kai ba ya buɗawa. Duk abin da ya girma a ciki sai ya danne maƙwabcinsa.

Amfanin sanin wannan shi ne ka kame bakinka daga irin maganar da 'yan dubiya suka fi so: "Ai wane ma haka aka yi masa, ga shi nan garau." Ko kuma kishiyarta. Ba ka san irin na wane ba, ba ka san irin na wannan ba.

Alamominsa sun haɗa da ciwon kai mai tsananta da asuba tare da amai, farfaɗiya da ta fara wa mutum da girmansa, mutuwar ɓarin jiki a hankali, harɗewar magana, gani biyu-biyu, da tangaɗi wajen tafiya. Amma abin da ya fi karya zuciyar iyali shi ne canjin hali. Dattijo mai kunya ya fara ɗura wa mutane ashar, uwa mai tsafta ta daina kula da jikinta, malamin makaranta ya manta sunan ɗansa. Idan ƙarin yana sashen gaba na ƙwaƙwalwa, haka na faruwa. Aikinka ne ka riƙa maimaita wa iyali cewa ciwon ne ke magana, ba mutumin ba. Ka kuma tabbatar musu cewa ba a ɗauka: a ci abinci da shi kwano ɗaya, a riƙe hannunsa, a bar jikoki su zauna kusa da shi.

Inda za ka miƙa kanka

Ka fara da asibiti. Je ka sashen kula da walwalar marasa lafiya na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Babban Asibitin Katsina, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Daura in can ka fi kusa, ka gabatar da kanka, ka faɗi abin da kake iyawa. Ma'aikatan wannan sashe su suka san wanda ya zo daga Mashi ko Batsari ba shi da kowa a gari, su kuma suka san ƙungiyoyin da ke shigowa da izini. 'Yan agajin Izala da na Fityanul Islam da na Jama'atu, da Red Cross, da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN ga mata, duk suna da mutanen da suka saba da harabar asibiti, kuma shiga ta hannunsu ya fi ka riƙa yawo ɗaki-ɗaki kai kaɗai, a ɗauke ka ɗan damfara.

In ka samu ƙungiyar masu fama da sankara gaba ɗaya, shiga, ka nemi a haɗa ka da masu ƙarin ƙwaƙwalwa. In kuma kafawa za ku yi, mutum biyar ko shida sun isa, muddin akwai mace aƙalla biyu, da ma'aikacin jinya ɗaya da ya yarda a riƙa tuntuɓarsa, da wanda ya taɓa yin irin wannan jinyar a gidansa. Wannan na ƙarshen ya fi kowa daraja a cikinku.

Ɗauki abin da za ka iya riƙewa

Masu zumuɗi sukan ce "duk abin da ake bukata a kira ni". Ba a kiransu, domin mutanenmu suna jin nauyin roƙo. Ka duba makonka tsakaninka da Allah, ka yanki awa biyu ko uku, ka sa musu suna. "Malam, duk Laraba daga La'asar zuwa Magariba ni zan zauna da Baba, kai ka fita kasuwa." "Hajiya, kai yara Islamiyya da ɗauko su na ɗauke miki." Mai Keke Napep ya ɗauki kai su asibiti ranar ganin likita. Wadda ta iya girki ta ɗauki kunun safe na Asabar da Lahadi. Ɗalibin jami'a ya ɗauki bin layin kati da karɓo sakamakon gwaji. Mai ƙoshin lafiya da ya kai shekara 18, nauyinsa kuma bai gaza kilo 50 ba, ya sa sunansa cikin masu ba da jini, domin kafin tiyatar kai akan ce iyali su kawo masu bayarwa, kuma sau da yawa a ƙurarren lokaci ake faɗa.

A rubuta wa ya ɗauki me, wace rana, a liƙa a zauren WhatsApp na masu aikin kaɗai. In uzuri ya taso maka, kai za ka nemo madadinka, ba iyalin ba.

Ziyarar farko

Kada ka faɗa gida ba sanarwa. A fara neman izinin marar lafiyar in yana cikin hayyacinsa, da na maigida. Mace ta je wa mace, namiji ya je wa namiji, sai in iyalin da kansu suka ce ba komai. Ka tambayi lokacin da ya fi samun sauƙi, domin da yawansu safiya ce ta fi musu nauyi.

In ka shiga, ka zauna inda zai gan ka ba sai ya juya ba. Wanda ganinsa ya tafi ta gefe ɗaya ba zai san kana wurin ba in ka zauna ta wannan ɓangaren. Ka faɗi sunanka ko da ya san ka. Ka yi magana a hankali, tambaya ɗaya a lokaci guda, ka jira amsa ko ta yi jinkiri, kada ka ƙarasa masa maganarsa. Abin da ya fi ba ni haushi a ɗakin jinya shi ne a tsaya a kan mutum ana zancensa kamar ba ya nan: "Ya ci abinci kuwa? Yana gane mutane?" Wanda bakinsa ya harɗe sau da yawa yana fahimtar komai. Ka tambaye shi, shi: "Baba, ya ƙarfin jiki? Allah ya sa kaffara ne." Minti goma sha biyar zuwa ashirin ya isa. A rage turare mai ƙarfi da ƙarar waya.

Kafin ka fita, ka keɓe da mai jinyar. "Inna, ke fa? Kin samu kin runtsa jiya? Kin ci wani abu?" Mai yiwuwa kai ne na farko da ya tambaye ta. In ta fashe da kuka, bar ta ta yi. Kada ka rufe mata baki da "sai haƙuri" tun ba ta faɗi abin da ke cinta ba.

Abin da ka gani a gidan ya tsaya a gidan. Ba hoto, ba labari a majalisa, ba "kada ka faɗa wa kowa, amma…". A gari irin namu, maganar cewa 'yar wane tana farfaɗiya tana iya kashe mata aure.

Abin da dole hannunka ya iya

Farfaɗiya za ta same ka wata rana kana zaune, don haka ka haddace wannan. Duba agogo. Kawar da abin da zai ji masa ciwo, ka sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, ka sassauta wuyan riga. Kada ka danne shi. Kada a cusa masa cokali, ko yatsa, ko tsumma a baki. Mutum ba ya haɗiye harshensa, cokalin ne ke karya haƙori. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko magani, kada a banka masa hayaƙi. Da fizgar ta lafa, a juya shi ya kwanta a gefensa don yawu ya zubo, a zauna da shi har ya dawo daidai. In ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko numfashi ya yi wuya, a tafi asibiti nan take.

Haka nan a tafi ba jiran gari ya waye in barci ya yi masa nauyin da ba a iya tada shi sosai, ko amai ya ƙi tsayawa tare da ciwon kai mai tsanani, ko wani ɓarin jiki ya saki farat ɗaya, ko zazzaɓi ya taso bayan aiki, ko ruwa na tsatsowa daga ɗinkin. Shi ya sa kowane gida da kuke bi ya kamata a rubuta musu lambar direba biyu masu ɗaga waya da tsakar dare, a manna a bango.

Mai farfaɗiya kada ya tuƙa babur ko mota, kada ya ja ruwa a rijiya, kada ya zauna gaban murhu shi kaɗai, kada ya sa sakata in ya shiga wanka. Wanda ya kwanta ba ya iya juyawa, a riƙa juya shi duk awa biyu saboda gyambon kwanciya. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci, in kuma yana ƙwarewa a gaya wa likita.

Maganar magani kuwa, iyakarka tunatarwa. Akan ba su deksametazon don rage kumburin ƙwaƙwalwa. Yana kumbura fuska, yana sa yunwa, yana hana barci, yana iya ɗaga sukari, kuma ba a tsayar da shi lokaci guda. Maganin farfaɗiya ma in aka yi tsallake, ciwon na dawowa. Iyali sukan daina saye in sun ga sauƙi, ko in kuɗi ya yanke. Ka riƙa leƙa kwalin, in saura na kwana biyar ka ɗaga murya a ƙungiya. Kafin azumi a tambayi likita, kada marar lafiya ya sauya lokutan shan magani da kansa. Musulunci ya riga ya yi masa rangwame.

Rakiya zuwa asibiti

Sau da yawa akan tura masu wannan ciwo Asibitin Malam Aminu Kano, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, ya danganta da abin da za a yi. A 2025 an buɗe cibiyar kula da masu sankara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, don haka a fara tambayar likita ko abin da ake bukata yana samuwa a gida kafin a ɗaura niyyar tafiya. In tafiyar ta kama, a kira a tabbatar da ranar ganin likita da lafiyar na'ura tun ana gobe. Ba ƙaramin baƙin ciki ba ne a kwaso marar lafiya tun asuba, a bi Kankiya da Bichi har Kano, ko daga Daura a ratsa Kazaure, a tarar an ɗage.

Ka haɗa wa iyalin jaka ɗaya: takardar turawa, katunan asibiti, hotunan CT da MRI da rahotonsu, sakamakon gwajin tsokar da aka ciro, da kwalayen magunguna. Kada a naɗe hoton ko a bar shi a rana. Ka ɗauki kowace takarda a wayar mai jinya. Ka sayi littafi mai arha a riƙa rubuta ranar da farfaɗiya ta zo da tsawonta, da duk wani sabon abu da aka lura da shi. Likita zai gode maka.

Kafin a shiga, ku zauna ku rubuta tambayoyi, domin a gaban likita kai kan ɗaure: wane iri ne, mataki na nawa, me za a yi yanzu, nawa zai ci, me zai faru in aka jinkirta, yaushe za a dawo. In sun yarda ka shiga, kai ne mai rubutu. In za ka yi tafinta, faɗi abin da likita ya faɗa, kada ka rage masa ɗaci don tausayi, kada ka ƙara. Sa hannu a takardar aiki na marar lafiya ne ko waliyyinsa, ba naka ba.

Gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura a asibiti, shi ne ya fi cin iyali ta fuskar zama. Ga masu tsanani akan yi sau 30 cikin mako 6, Litinin zuwa Juma'a. Ke nan in ba a gida za a yi ba, sai an nemi masauki da abinci na wata ɗaya da rabi. Ƙungiyar da ta san Bakatsine ɗaya a Zariya ko Sakkwato mai ɗakin sauke baƙi ta yi wa iyali abin da dubban nairori ba za su yi ba.

Zaman tattaunawa

Sau ɗaya a wata ya isa, a ajin makaranta ko zauren da ba matakala, awa ɗaya da rabi, a tashi kafin Magariba. Ku raba masu jinya da marasa lafiya ko da na rabin lokacin ne, domin matar da ke son cewa "na gaji" ba za ta faɗa a gaban mijinta ba. Mai jagorantar zama ya fi kowa yin shiru. Ya buɗe da addu'a, ya tuna wa kowa amana, ya jefa tambaya mai sauƙi irin "me ya fi ba ku wahala a watan nan?", ya hana mutum ɗaya cinye lokacin. A hana tallar magani kowane iri. Lokaci-lokaci a gayyato ma'aikacin jinya ko mai gashin ƙashi ya nuna yadda ake ɗaga marar lafiya ba tare da an karya baya ba. Waɗanda ke nesa, irin su Jibiya ko Ɓaure, a riƙa kiransu a waya; saƙon murya ya fi rubutu isa gare su.

In kuna son fita wayar da kai, ranar 8 ga Yuni ita ce ranar masu ƙarin ƙwaƙwalwa ta duniya, wadda aka faro a Jamus a 2000. Ku nemi fili a gidan rediyo, ku tafi da likita, shi ya yi bayanin ciwon.

Iska, jifa da sammu

Mutumin da ya fara faɗuwa yana fizge-fizge, halinsa kuma ya sauya, da wuya a ce ba a fara kai shi wajen ruƙiyya ko mai magani ba. Kada ka shiga gidan da gardama, za a rufe maka ƙofa. Addu'a ba ta hana hoto, hoto ba ya hana addu'a. Abin da za ka tsaya a kai uku ne: kada a daina maganin asibiti, kada a doki marar lafiya ko a ɗaure shi da sunan fitar da aljani, kuma duk jiƙon da ake ba shi a faɗa wa likita. In maganarka ba ta shiga, nemi limamin unguwa mai fahimta ku je tare. Kalma ɗaya daga bakinsa ta fi zuwanka goma.

Kuɗi

A nan ƙungiyoyi suke watsewa. Kada kuɗin kowa ya shiga asusunka. A buɗe asusu da sa hannun mutum biyu, in ƙungiya ta girma a yi mata rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. A biya asibiti ko kantin magani kai tsaye, a ajiye rasit, a karanta lissafi a kowane zama. Kafin a fita neman taimako, a duba ko marar lafiyar yana cikin inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ko ta jiha, KTSCHMA, da abin da take ɗauka. A rubuta wa hukumar zakka da waƙafi. A je wa masu hali da takardar kiyasin asibiti a hannu. Yekuwa a Facebook sai da yardar mai ciwon, kuma ba dole sai an nuna kansa a naɗe da bandeji ba. Kada ka taɓa cewa "za mu biya aikin" alhali kuɗin bai shigo ba. Faɗi abin da ke hannu.

In likita ya ce a koma gida

Wani lokacin magani yana kaiwa iyakarsa. Aikin bai ƙare ba, ya dai sauya: maganin rage raɗaɗi a kan lokaci, tsafta, juyawa, jiƙa leɓe, karatun Alƙur'ani a hankali kusa da shi, da wanda zai karɓi mai jinya ta yi barci. A nemi likita ya rubuta abin da za a ci gaba da bayarwa da lambar da za a kira. In akwai bashi ko wasiyya da yake son faɗa, a taimaka masa tun bakinsa na iyawa. In rai ya yi halinsa, ku je jana'iza da zaman makoki, sa'an nan ku koma bayan mako uku ko huɗu, lokacin da gidan ya yi tsit, musamman wajen mai takaba. Keken guragu da katifa da sauran kayan da aka ara, a karɓo su da ladabi, a wanke, a ajiye wa na gaba.

Kai ma jikinka zai gaya maka. Kada ka riƙe fiye da gida biyu a lokaci guda. In ka ga barci na gagararka, ko ka fara jin faɗuwar gaba in wayarka ta yi ƙara, faɗa wa shugaban ƙungiya ka ɗauki hutu. Sai dai kada ka ɓace. Ka ba da sanarwar mako biyu, ka kai wanda zai gaje ka gidan da ƙafarka, ka gabatar da shi ga maigida da mai jinya, ka miƙa masa littafin da jerin magunguna da ranar komawa asibiti ta gaba.